Ƙwayar da Ke Rumbun Halilu

"Ki fara kurɓa tukuna."

Mansura ta tsaya da ƙwaryar fura a hannu, ta dubi surukarta. Iya Yakura ko ɗaga kai ba ta yi ba daga waken da take tsincewa. Ta maimaita a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Na ce ki kurɓa, 'yar nan. Ai ke kika dama. In alheri ne a ciki, me zai hana ki sha?"

Halilu, mijin Mansura, yana kishingiɗe a inuwar dalbejiya, ya tamke kai da rawani saboda ciwo. Sarai ya ji abin da mahaifiyarsa ta ce, amma sai ya juya fuska wajen darni. Mansura ta cika ludayi ta kai baki. Ta haɗiye furar da ta dama da hannunta. Tsohuwar ta zuba mata ido tana jiran ta ga ko za ta faɗi, da ta ga shiru sai ta ce, "To, miƙa mishi."

Daga ranar, haka aka koma yi a gidan nan, a wani ƙauye da ke gabas da Bande. Tuwo ne, miya ce, ruwan randa ne, ko goro ne ya bi ta hannun Mansura, sai ta ɗanɗana a gaban mutane. Matar da ta haifa musu Amira da Munir, wadda ta yi jinyar tsohuwar nan lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, har wanka take yi mata, ita ce yau ake bin hannunta da kallo.

Ciwon Halilu ciwo ne mai zaɓen rana. Yau ka gan shi garau, ya saɓa hauya ya nufi gona yana tsokanar yara a hanya. Gobe ya wayi gari idanu jajur, fuska na hucin zafi, hanci a toshe alhali ba mura, ƙirji na ƙuna, kai kuwa ya ce kamar ana faskara shi da gatari. In ya miƙe daga zaune sai jiri ya kwashe shi, ya dafa bango. Abin da ya fi kaɗa hantar gidan shi ne safiyar da ya fito alwala, ya dubi akuyar Iya ya ce, "Wa ya zuba wa akuyar nan shuni?" Akuya kuwa fara fat, tana tuƙarta. Ya ɗaga kai ya ce har bangon ma shuɗi-shuɗi yake ganinsa. Iya Yakura ta dafe ƙirji ta shiga salati, domin a iya saninta ciwon Allah da Annabi ba ya sauya wa akuya launi.

Akwai abin da Mansura ta lura da shi, wanda ba ta da bakin faɗa. An yi wani dogon lokaci Halilu ya ƙaurace mata. Ya shigo ɗaki ya juya mata baya, daga bisani ma ya mayar da shimfiɗarsa shagon da ke jikin zaure, wai zafi ya yi yawa. Ba ta kai ƙara ba, ba ta gaya wa kowa ba, ta rufa masa asiri kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Kwatsam, farkon daminar bana, sai ga shi ya dawo mata kamar sabon ango. Ta yi murna, ba ƙarya, har lalle ta sa. To amma duk ranar da ya neme ta, kashegari sai ya kwanta. Ran da bai neme ta ba, lafiya lau.

Ita ma Iya ta lura. Tsohuwar da ƙofar ɗakinta ke kallon tsakar gida, me zai wuce ta? Ta haɗa wannan da wancan, zuciyarta ta ba ta Mansura. Ana cikin haka aka yi rasuwa a Kwaya, garin su Mansura, ta tafi zaman makoki ta ɗan jima. Kafin ta dawo Halilu ya murmure, ido ya washe, shi kaɗai ya gama maimai a gonar hatsi. Ta dawo ran Laraba. Ran Alhamis aka kawo shi gida a kan amalanke, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gyaɗa.

"Sai a faɗa mini kuma," in ji Iya, tana tafa hannu a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta kan darni. "Ba ta nan, Babba lafiya. Ta dawo, Babba a ƙasa. Ni ban yi karatun lakwal ba, amma ina da ido." Babba take ce wa Halilu, saboda ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Aka ɗauko wani malami daga wajen Dungas. Ya zana ƙasa, ya shafe, ya sake zanawa, ya ce hannun da ke wannan aiki ba daga nesa yake ba, yana cin tuwon gidan. Bai kama suna ba. Ba ya ma bukata, tun a zaure Iya ta riga ta karanta masa labarin kaf. Ya bar rubutun sha da turare, ya tafi da zakara a hammata.

Aka karɓe girki daga hannun Mansura, Iya ta koma ɗora tukunya da kanta. Aka shiga ɗakin Mansura tana tsaye aka zazzage kwalla da akwati, aka farke matashin kai, aka tone ƙarƙashin gado. Ba a sami komai ba sai kwalli da turaren wuta, Iya ta ce wannan ya nuna iya ɓoyonta. Sana'ar Mansura man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, duk unguwar a wurinta ake saye. Kafin ka ce me, ƙafa ta ɗauke. Amira ta fita da faranti ta dawo da shi yadda ta fita, tana kuka, wai an ce mata a bakin rijiya ba a cin ƙulin gidansu. Aka yi suna a maƙwabta, Mansura ta ɗauki taɓaryarta ta je taya daka, uwar gidan ta tare ta da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ta ce ai hannu ya isa, ta koma ta huta.

Shi kuwa gogan bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. In ta same shi shi kaɗai ta ce, "Malam, kana dai jin abin da ake faɗa a kaina," sai ya ce, "Ki yi haƙuri da Iya, tsufa ne. Zai wuce." Kuma bai fasa zuwa ɗakinta ba. Wannan shi ya fi ɗaure mata kai. Mutumin da ya yarda a ɗaki ake kashe shi, me zai mayar da shi ɗakin?

Daga nan ita ma ta fara nata zargin, ta buɗe ido a kan mazan gidan.

Naziru, ƙanin Halilu, mai sayar da magani ne a kasuwanni. Kwali yake ɗaurewa a bayan moto, babur ɗinsa, ya bi kasuwa-kasuwa, tun daga Bande har Guci. Na ciwon kai, na tsutsar ciki, na gajiya, duk yana da su, karanta abin da ke jikin kwalin ne dai bai iya ba. Da can shi ne abokin wasanta, "matarmu" yake ce mata, ba ya wucewa bai sa hannu a ƙulinta ba. Yanzu in ya shigo sai ya gaida Iya ya fice sum-sum, ba ya yarda su haɗa ido. In ya dawo daga kasuwa, shi da wansa sai su zagaya bayan rumbu su yi ƙus-ƙus. Sannan ga Halilu da hawan rumbu bayan magariba, alhali tun da safe ya fitar da hatsin ranar. Ya ɗaga jinka, ya zura hannu, ya sauko ba dami ba zangarniya, ya wuce randa ya sha ruwa. Kuma a irin waɗannan ranaku ne yake nemanta.

A garin nan mace ba ta leƙa rumbun miji. Ko yunwa za ta kashe ta, sai ta jira ya hau ya jefo mata abin da ya ga dama. Maza suna cewa idon mace yana kwashe albarkar hatsi. Gaskiyar maganar, ba sa so ta san abin da ya rage. Mansura ta tashi ta tarar ana haka, ba ta taɓa tunanin karyawa ba, sai da aka kai ta bango.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a Bande, Iya ta kwanta ƙailula. Mansura ta mirgino turmi ta kife shi a gindin rumbu. Ta hau, ta ɗaga jinka, ta lalubi bakin rumbun. Hannunta ya ci karo da gwangwanin madara a soke cikin kara. A ciki akwai ɗan kwali mai hoton ingarman doki ya ɗaga ƙafafun gaba, da ƙwayoyi shuɗɗa jere cikin leda mai ƙyalli, wasu gurabun an riga an ɓalle su. Ba ta san ko mene ne ba. Ta ɓalli guda ta ƙulle a bakin zane. Tana shirin mayar da sauran ta ji salati a bayanta.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Mace a rumbu!"

Kafin ta sauko gida ya cika. Iya ta fizge gwangwanin ta ɗaga sama tana nuna wa mata.

"Kun gani? Mun tone ɗaki ba mu samu ba, ashe cikin abincinmu take ɓoyewa. Ku dubi launin! Ba shuɗi Babba yake gani ba?"

Mata suka ja da baya suna riƙe haɓa.

"Iya, wallahi samunshi na yi. Ba nawa ba ne."

"To na wa? Na ɓera?"

Aka jira maza. Halilu ya shigo da darduma a kafaɗa, Naziru na biye da shi. Iya ta dire gwangwanin a gabansu. Mansura ta ga yadda fuskar Naziru ta sauya, ta ga maƙogwaron mijinta ya motsa. Ta ji sanyi a ranta, ta ce yau dai magana ta ƙare.

"Babba, rumbunka ne," in ji Iya. "Ka san wannan abin?"

Halilu ya dubi gwangwanin. Ya dubi matan da suka cika masa tsakar gida, matan abokansa da na maƙwabta, kowace ta kasa kunne.

"Ban san shi ba," in ji shi.

"Kai fa, Naziru? Kai ne mai magani."

"Ni... irin wannan bai taɓa bi ta hannuna ba, Iya."

Mansura ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai zauna a kan turmin da ta kife.

Da gari ya waye ta goya Munir, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, ta ce jikinsa da zafi, ta taka har likita, asibitin da ke Bande. Ta bari layi ya ƙare, sannan ta shiga wurin Malama Bahijja, ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwar yaron. Ta kwance bakin zane ta miƙa mata ƙwayar.

Bahijja ta juya ta a tafin hannu, ta tashi ta tura ƙofa.

"Wa ke shan wannan?"

"Shi nake so in sani, Malama. Guba ce?"

"Ba guba ba ce. Maganin maza ne, na wanda ƙarfinshi ya ragu wajen iyali."

Mansura ta sunkuyar da kai, kunya ta lulluɓe ta. Sai kuma abubuwa suka shiga faɗo mata ɗaya bayan ɗaya: juya bayan nan, da dawowar nan, da hawan rumbu, da shan ruwa a randa.

"Yana aiki," in ji Bahijja. "Maza da yawa suna samun biyan bukata da shi, in lokotoro na asibiti ya auna mutum ya rubuta mishi daidai jikinshi. Amma ko na farmasi yakan sa ciwon kai, da toshewar hanci, da ƙunar ƙirji, wani ma ya riƙa ganin abu shuɗi-shuɗi. Balle wannan na kasuwa, da ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Mai gidanki ne ko? Da yawa yake sha?"

"Ban sani ba. Ya dai faɗi a gona."

"To ya wuce kima. In ya yi yawa yana faɗar da tansiyo, jini ya yi ƙasa, mutum ya ga jiri ya zube. In kuwa yana da ciwon zuciya, ko yana shan wani maganin da ba sa jituwa, ana iya rasa shi. Kuma ki ji da kyau, sau da yawa raunin nan ba shi ne ciwon ba, alama ce. Ciwon suga na kawo shi, hawan jini na kawo shi. Ki zo da shi a auna shi, ba wanda zai ji."

"Malama, don Allah ki zo ki faɗa musu. Cewa suke ni ke kashe shi."

Bahijja ta girgiza kai, ranta bai so ba. "Sirrin marar lafiya ne, Mansura. In shi bai buɗe baki ba, ni ba ni da iko."

Daga likita ba ta shiga gida ba, gona ta zarce. Ta sami Halilu shi kaɗai yana cirar ciyawa cikin wake. Ta tsuguna nesa kaɗan.

"Malam, na je likita. Na san ko mene ne."

Da ya ɗago ba fushi ta gani a idonsa ba, tsoro ta gani, har ya ba ta tausayi.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Lokacin da ka juya mini baya, na kai ƙararka? Na roƙe ka? Ka bar shan abin nan, mu je a auna ka. Iya kaɗai za ka ja gefe ka ce mata gwangwanin naka ne. Ba sai ka ce na mene ne ba."

"Iya? In Iya ta ji, gari ya ji. Naziru za ta tsare har sai ya faɗa. Ke mace ce, ba za ki gane ba. In wannan magana ta fita, da wane ido zan zauna a majalisa? So kike yara su riƙa nuna ni?"

"Ni fa, da ake nunawa yanzu?"

"Taki mai sauƙi ce. Maganar mata ce, gobe za su sami wata su manta. Ki daure. In kaka ta yi zan yi miki zane."

Zane! An kashe mata sana'a, an hana ta tukunya, an laƙaba mata kisan kai, shi kuwa zane ya gani daidai da abin. Ta miƙe ta gyara goyo, baƙin ciki ya hana ta ko sallama.

Shi ma Naziru ta tare shi a bakin zaure yana ɗaure kwalinsa. Ya ce shi taimako ya yi, ɗan'uwa ya kawo kuka ai ba ka ƙi shi ba. Ya ce shi guda ya ce a sha, Yaya ne da ya ga ƙwayar ta daina yi masa yadda yake so ya riƙa ninkawa. Ya ce in maganar ta kai kunnen jandarma kwalinsa za su kwashe, to shi da me zai ci da iyali?

"Kuma tsakani da Allah, Yaya Mansura," in ji shi, yana kallon tayar moto, "don wa ake sha? Ba don ke ba?"

Ya tada moto ya bar ta da hayaƙi.

Ta san ya kawo wa wansa wasu ƙwayoyin, don haka daga ranar ta riƙa sa sakata a ƙofarta. Halilu ya zo ya ƙwanƙwasa a hankali, ta ce ba ta buɗewa sai ya yarda da zuwa likita. Ya yi fushi ya daina zuwa. Da ya daina zuwa ya daina sha, da ya daina sha ya warke sumul. Iya ta ce alhamdulillahi, tun da aka ƙwace gwangwanin ga Babba nan ya miƙe, wace shaida kuma ake nema? Ta yafa mayafi ta kai magana gaban mai gari Maina. Bukatarta a fili take: a raba auren, yara su zauna gidan ubansu, ba za a bar mata jikoki a hannun mai ba da guba ba.

Sakin bai dami Mansura ba kamar yaran. Munir har yanzu sai a jikinta yake barci. Amira kuwa za ta girma ana ce mata 'yar mai guba, kowa ya zo neman aurenta a ja shi gefe a ba shi labari. Aka aika Kwaya, wanta Abdulwahabu ya zo don zaman. Da yamma ta ja shi bayan ɗaki ta fara yi masa bayani. Tana kaiwa kan abin da ƙwayar take yi ya toshe kunne.

"Subhanallahi! Ke, ni wanki ne, kada ki sa ni jin wannan. Gobe in an ce ki rantse, ki rantse kawai."

Da hantsi aka zauna a zauren mai gari. Dattawa sun jeru, liman na gefe, gwangwanin madara na tsakiyar tabarma, kwalin mai doki a kansa. Mata sun yi cincirindo a waje. Iya ta kwashe nata ta faɗa, ba ta manta da akuya ba. Aka tambayi Halilu. Ya ce shi dai ya yi ciwo, Allah ya ba shi lafiya, sauran kuwa Allah ne masani. Liman ya ce Mansura ta yi alwala ta zo ta dafa Alƙur'ani.

"Zan dafa, Allah gafarta Malam," in ji ta. "Amma in na dafa, gobe ko tuntuɓe na yi za a ce rantsuwa ce ta kama ni."

Ta juya ta dubi mijinta. Ta jira shi, ta ba shi lokaci, har zaman ya fara gundura. Shi kuwa yana ta tsinkar bakin tabarma. Sai ta mayar da fuska wajen mai gari.

"Ranka ya daɗe, abin nan ba guba ba ne. Maganin ƙarfin maza ne. Naziru ke sayar da shi, mai gidana ke sha da hannunshi, shi ke kwantar da shi. Na kai likita an gaya mini. In ƙarya nake, Naziru ya zo mu dafa tare."

Wani dattijo ya shiga tarin da ba shi da dalili, wani ya ɗaga kai yana nazarin azara. Cikin masu zaman nan akwai waɗanda suka gane dokin jikin kwalin tun sa'ad da aka ajiye shi, suka yi gum. Liman ya matsar da Littafin wajen Naziru. Naziru ya dubi hannunsa, ya mayar da shi cikin aljihu.

"Ni dai... Yaya ne ya ce in samo mishi."

A waje wata ta ƙyalƙyale da dariya, aka kwaɓe ta. Mansura ta sauke ajiyar zuciya. A tsammaninta an gama, yau za ta kwana da sunanta da 'ya'yanta.

Mai gari ya gyara murya. "To, maganar guba ta faɗi. Ba ta ba shi komai ba, kowa ya ji." "Sai dai, 'yar nan, abin da kika yi ba a yi. Mace ta hau rumbun miji, sannan ta zo gaban dattawa ta kwance mishi zani a kasuwa? Ba ki da wa? Ba ki da manya? Sai a bainar jama'a?"

"Ranka ya daɗe, a bainar jama'a aka kira ni mai guba."

"Kun ji ko? Har yanzu bakin bai mutu ba," in ji mai tarin nan.

"Ke, rufa mana baki!" Abdulwahabu ne ya daka mata tsawa. "Kin ba mu kunya."

Halilu ya miƙe, bai dubi kowa ba. "Ku shaida," in ji shi, "na sake ta." Ya tsallake takalman mutane ya fice. Ba wanda ya ce masa ya dawo ya zauna. Mai gari ya ce yara dai na uba ne, haka aka gada, aka shafa fatiha.

An yi damina guda ana kiran matar nan mai kisa, ba wanda ya ce ba a yi. An zazzage mata ɗaki, an sa ta ɗanɗana ruwan da ta ɗebo da kanta, an kori 'yarta daga bakin rijiya, dattawa ba su ga abin kiran zama ba. Ranar da ta faɗi gaskiya, ranar garin ya tuna akwai wani abu wai shi kunya. Wanda ya sayar bai rasa ko kasuwa ɗaya ba. Wanda ya yi ƙarya a gaban mahaifiyarsa, shi ake yi wa jaje. Malamin Dungas bai dawo da zakara ba. Cikin matan da suka ja da baya suna riƙe haɓa, babu wadda ta tako ta ce Mansura ki yafe mu. Sunan kawai aka sauya mata: jiya mai guba, yau marar kunya.

Da la'asar aka ɗora gadonta da kwallayenta a kan amalanken jaki. Halilu na cikin shago, ya turo ƙofa. Iya Yakura na tsaye a bakin zaure, ta goya Munir, ta damƙe wuyan hannun Amira. Mansura ta durƙusa a gabanta kamar yadda ta saba kowace safiya.

"Iya, kin dai ji ba ni ba ce."

"Na ji."

"To don Allah ku kai shi likita. Akwai ciwo a jikinshi, ba a san shi ba tukuna."

Tsohuwar ta dube ta. Idanunta sun ciko, amma muryarta a bushe take.

"Likita? Mutumin da ko masallaci ya kasa fita? Da ma gubar kika ba shi, 'yar nan, da mun binne shi da mutuncinshi."

Ta ja yaran ta shige ciki. Abdulwahabu ya tsula wa jaki bulala. Har suka fita gari Mansura tana jiyo muryar Amira tana kiran Inna.